Ɗan Raƙumin Dawa da Tsohon Gawo

A kwarin Dallol Bosso, gabas da Yamai, akwai wani tsohon gawo da raƙuman dawa ke sauko wa duk rani. A shekarar 1996 irin waɗannan raƙuman dawa 49 kacal suka rage a duniya, shi ya sa gawon yake duban kowane sabon haihuwa da idon tausayi.

Wata rana wani ɗan raƙumin dawa ya miƙa baƙin harshensa, ya zagaye ƙaya, ya fizgo ganye. Yana taunawa ya ce, "Baba Gawo, wallahi kana ba ni tausayi. Ni ban cika awa guda da haihuwa ba na miƙe a kan kofatona. In zaki ya taso, na sheƙa. Kai kuwa ana cin ka, kana tsaye."

Gawo ya ce, "Yaro, gudun nan naka, me kake nema da shi?"

"Abinci mana, da tsira."

"To ni abincina a jikina ake dafa shi. Ganyena na karɓar hasken rana da iska, saiwata ta nutsa har ta tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Da me zan yi ƙafa? Kai sai ka ci wani kafin ka rayu, ka kwanta, ka dawo da shi baki ka yi tuƙa."

Ɗan ya ɗan ji kunya, amma bai saduda ba. "Ai ni ina da uwa. Wata 15 ta yi da cikina, ta shayar da ni. 'Ya'yanka wa ke renonsu?"

Nan gawo ya yi jim, domin an taɓa masa inda ke ciwo. Ya ce, "Ba ni da nono, gaskiyarka. Fure nake yi farkon rani, ƙudan zuma ya kai garin fure daga wannan zuwa wancan, sannan 'ya'ya su nuna su zubo. Amma ƙwayar tana da taurin ɓawo, kuma a inuwata ba ta da makoma. Sai mai kofato ya haɗiye ta, cikinsa ya tausasa ta, ya ajiye ta can nesa cikin taki."

"Ashe ni ke ɗaukar maka 'ya'ya?"

"Kai da awaki da shanun Fulani. Damina na faɗuwa zan zubar da ganye, ku kuma raƙuman dawa ku hau tudun Kure. Kafin nan, sunkuya ka ci waɗannan da suka zubo, akwai inda nake so ka kai su."