JININ ƊANA BAI ZO DAIDAI DA NAWA BA: SHIN WANNAN HUJJA CE TA ZARGI?



'Yan uwa, akwai wata fitina da ke shiga gidaje ta ƙofar asibiti. Yaro ya kwanta, ana neman jini, a gwada uba a ce A ne, uwa ma A, yaro kuma O. Shi ke nan, Shaiɗan ya samu wurin zama. Maigida ya koma gida yana ɗaure fuska, baiwar Allah ba ta san laifin da ta yi ba.

To a tsaya a fahimta. Tun 1901 wani likita ɗan ƙasar Ostiriya, Karl Landsteiner, ya gano rukunonin jini, waɗanda a yau aka sani da A, B da O, daga baya kuma aka gano AB. Kowane mutum yana gadon ƙwayar halitta biyu ta jini, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A da B suna rinjayar O, su ɓoye ta. Saboda haka mai jinin A yana iya ɗauke da O a ɓoye, bai sani ba. Idan miji da mata duk suna ɗauke da ita, kowace haihuwa akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a samu O.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. A gwaje-gwajen masu ba da jini a Najeriya, kusan rabi O ne, AB ne mafi ƙaranci. Wato ƙwayar O ta fi kowace yawa a cikinmu, har a jikin masu A da B.

Musulunci ya riga ya rufe wannan ƙofa. A Bukhari da Muslim, wani balaraben ƙauye ya zo wa Annabi (SAW) yana shakkar ɗansa don ya fito baƙi. Manzon Allah ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye. Ya tambaye shi ko akwai mai launin toka, ya ce akwai. Daga ina? Mutumin da kansa ya ce ƙila gado ne daga kakanni. Sai Annabi ya nuna masa ɗansa ma haka ne, kuma bai ba shi damar kore yaron ba.

Shari'a tana jingina ɗa ga mijin mahaifiyarsa. Ƙazafi kuwa, Suratun Nur ta yanka masa bulala 80. Ko da takarda ta rikita ka, ɗakin gwaji ma yana kuskure. A sake gwaji, a tambayi likita, a tambayi malamai. Kada ka rusa gidan shekara ashirin da zato.

Sannan ka tuna me ya kai ka asibitin. Yaro ne kwance yana jiran jini. Idan naka bai dace da shi ba, ka bayar don wani, ka nemo wanda nasa ya dace.

Allah Ya tsare harsunanmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wallahu a'alam.