Jiki Magayi: Amfanin Wahala a Bangaskiyar Kirista

Idan Allah mai jinƙai ne kuma mai iko a kan kome, me ya sa bayinsa suke shan wahala? A Kambaza da sauran ƙasar Gwandu amsar da muka gada ita ce haƙuri, muna kafa misali da Annabi Ayuba. Kiristoci ma da Ayuba suke farawa, amma a ganina sun kai tambayar wani wuri da ya cancanci nazari, kuma tarihin kuturta a ƙasar Hausa shi ne ya fi fito da shi fili.

Abu na farko da Littafi Mai Tsarki ya rushe shi ne zaton cewa kowace masifa sakamakon zunubi ce. Abokan Ayuba sun dage cewa lalle ya yi wani laifi, a ƙarshe su Allah ya tsawata wa. A sura ta 9 ta Bisharar Yohanna, almajirai sun tambayi Yesu ko laifin wane ne ya sa aka haifi wani mutum makaho, nasa ko na iyayensa. Ya ce ba na kowa ba ne, sannan ya buɗe masa ido. Masu neman wanda za a zarga sai suka ga abin da ya kamata a yi.

Haka aka yi da kutare. Dokar Littafin Firistoci ta ware kuturu a bayan gari, amma Markus ya ba da labarin yadda Yesu ya miƙa hannu ya taɓa wani kuturu. Wannan taɓawar ce mishan ɗin SIM, wanda ya haifi cocin ECWA, ya bi sawunta a shekarun 1930, lokacin da ya kama aikin jinyar kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano, tare da hukumomin gargajiya. Ana iya muhawara a kan manufar wa'azin da ke tattare da aikin, amma gyambon da aka wanke an wanke shi.

Daga jinyar kutare kuma aka sami wani darasi. Dakta Paul Brand, likitan fiɗa Kirista da ya yi aiki a Vellore ta Indiya, ya nuna cewa yawancin yatsun da kutare ke rasawa ba cutar ce ke cinye su kai tsaye ba. Jijiyoyin ji take kashewa, sai mutum ya taka ƙaya ko ya riƙe tukunya mai zafi bai sani ba, rauni ya ruɓe har gaɓa ta tafi. Ashe zafi mai gadi ne. Hausawa sun riga sun faɗa: jiki magayi.

Manzo Bulus ya kwatanta masu bi da jiki ɗaya, wanda ciwon gaɓa guda yake damun sauran duka. Idan aka haɗa wannan da binciken Brand, sai a ga cewa al'ummar da ba ta jin ciwon ɗanta ita ce ta kamu da kuturta, kuma za ta yi ta zubar da yatsunta ba ta sani ba. Abin da ya taɓa hanci, dole ido ya yi ruwa.

Duk da haka, ban yarda a ce wa manomin da ambaliyar 2020 ta cinye shinkafarsa a Jihar Kebbi wai asararsa alheri ce ba. Bangaskiyar Kirista ma ba ta kira wahala abu mai kyau ba. Gicciye yana nuna cewa Almasihu ya shiga cikinta ne, yana kuka, domin ya yi nasara a kanta. Shi ya sa neman magani ba rashin tawakkali ba ne. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke raba maganin kuturta kyauta, kuma yana warkarwa.

Dalilin kowace wahala Allah ne masani. Amfaninta kuwa, gwargwadon abin da ɗan Adam zai iya gani, yana hannun maƙwabcin da ya ji nishi ta bayan danga ya tashi ya zagaya.