Hannun da Ya Karɓi Haihuwa Dubu Uku

Sannunku da aiki, ku da ba ku san dare ba ku san rana ba! Sannu nas mai aikin dare. Sannu ungozomar da ake buga wa ƙofa da talatainin dare, ta zari mayafi ta fito ba tare da ta tambayi nawa za a ba ta ba. Sannu mai wanke zannuwan gadon asibiti. Sannu uwar da ta kwana a zaune kan yaro mai zazzaɓi, gari na wayewa ta aza tallanta ta nufi kasuwa. Yau labarin wata abokiyar sana'arku na kawo muku. Ƙasarta da nisa, ta kuma rasu tun 1974, amma duk wadda ta taɓa yanke cibiya za ta gane ta tun kafin in kai rabin zancen.

Sunanta Stanislawa Leszczynska. An haife ta ranar 8 ga Mayu, 1896, a Lodz, birnin masaƙu na ƙasar Folan, a gidan talakawa mabiya ɗarikar Katolika. Mahaifiyarta ma'aikaciyar masaƙa ce. A 1916 ta auri Bronislaw, ma'aikacin ɗab'i. To ga abin da nake so matan aure su ji da kunnen basira: tana da ƙananan yara biyu a hannu ta shiga makarantar koyon aikin ungozoma a Warsaw, ta kuma kammala a 1922. Wa ya ce goyo yana hana karatu? Wa ya ce wadda ta shiga ɗakin miji ta rufe littafi ke nan? Ta yi karatun, ta karɓi takardar shaida, ta koma Lodz ta kama aiki.

Shekara ashirin tana wannan aiki. Ba wanda ya rubuta ta a jarida, ba wanda ya rataya mata lambar yabo. A lokacin mata da yawa a gida suke haihuwa, don haka ƙafarta ce motarta. Ta bi lungunan Baluty, unguwar marasa galihu ta Lodz, cikin sanyin da ruwa ke daskarewa, daga wannan ɗaki zuwa wancan. Ta wanke hannu, ta tafasa kayan aiki, ta lallashi mai naƙuda, ta karɓi jariri, ta koma gida inda 'ya'yanta huɗu ke jiran abinci. Gobe ma haka, jibi ma haka. Mai kallo daga nesa zai ce rayuwa ce ta yau da kullum, ba wani abin labari a cikinta. Ni kuwa a ganina nan ne labarin yake, domin duk abin da duniya ta zo tana yaba mata daga baya, a waɗannan shekaru ta tanade shi. Hausawa sun riga sun faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar tafiyar kuwa ta zo. A 1939 Jamus ta mamaye Folan. A 1940 'yan Nazi suka killace Yahudawan Lodz a wani yanki na birnin, suka zagaye su da waya, yunwa ta shiga cin mutane. Stanislawa da iyalinta Kiristoci ne, suna iya kau da kai su ce ba ruwansu. Sai suka shiga kai wa maƙwabtan nan abinci a ɓoye, da takardun da za su taimaka musu su tsira. A watan Fabrairun 1943 aka kama ta tare da 'ya'yanta uku. Maigidan da babban ɗansu suka kuɓuta. Samarin biyu aka tura su aikin bauta a sansanin Mauthausen-Gusen. Ita da 'yarta Sylwia, wadda ke karatun likita, aka kai su sansanin Auschwitz ranar 17 ga Afrilu, 1943. Aka zana mata lamba a hannu, 41335. Tana da shekara 46.

An ƙwace mata gida, an raba ta da miji, an maye sunanta da lamba. Me ya rage? Sana'a ta rage. Ta sanar da likitan sansanin cewa ita ungozoma ce, aka tura ta ɓangaren da ake ajiye mata masu ciki. Kada ku ji an ce ɓangaren haihuwa ku zaci asibiti. Rumfa ce ta katako, mai sanyi, cike da ɓeraye da ƙwarƙwata, ga zazzaɓi da gudawa suna ɗauke mutane. A kan dogon bututun murhu na bulo da ya ratsa tsakiyar rumfar ake haihuwa, don babu wani wurin. Babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, babu auduga, babu bandeji. Ruwan da za a wanke uwa da jariri, ita take zuwa ta ɗebo da kanta. Masu ciki sukan hana cikinsu burodin da ake ba su, su yi musaya da tsumman da za a naɗe jariri, in sun wanke shi su shanya a jikinsu don ya bushe.

A nan ne aka umarce ta da ta riƙa kashe jariran da aka haifa. Ta ce a'a. A wurin da ake kashe mutum saboda abin da bai kai wannan ba, mace ɗaya, fursuna, ta dubi masu iko ta ce ba a kashe yara, ta juya ta ci gaba da aikinta. Takan yi addu'a kafin ta fara, kamar yadda ta saba tun a Lodz. Ba ta tambayar mai naƙuda addininta ko ƙabilarta. Matan sansanin, 'yan ƙasashe daban-daban, suka riƙa kiranta Uwa.

A rahoton da ta gabatar a 1957 a wani taron ungozomomi a Lodz, ta ce ta karɓi haihuwa kusan 3,000 a sansanin. Ta kuma ba da labarin ranar da likitan 'yan Nazi ya nemi ta kawo masa lissafin matan da jariran da suka mutu wajen haihuwa, da waɗanda cuta ta kama bayan sun haihu. Ta ce masa babu ko ɗaya. Ya kasa yarda, don ko manyan asibitocin koyarwa na Jamus ba su iya bugun ƙirji da irin wannan sakamako.

Ba zan yi muku kwaskwarima ba. Yawancin jariran nan ba su rayu ba. Wasunsu ma'aikatan sansanin ne suka nutsar da su a ruwa, wasu yunwa da sanyi suka kashe su, wasu ɗaruruwa masu shuɗin ido aka ƙwace su don a rene su a matsayin Jamusawa. Kusan 30 ne kawai suka kai ranar da sojojin Tarayyar Sobiyet suka buɗe sansanin, 27 ga Janairu, 1945. Ta san abin da ke jiran yaran, amma ba ta taɓa yin aikin ganin dama ba. Kowace haihuwa ta ba ta haƙƙinta cikakke. Waɗanda za a ƙwace kuwa, takan yi musu wata 'yar alama a fata a ɓoye, ko Allah zai sa wata rana iyayensu su gane su. Kun ji mai aiki! Ko a inda ba a ganin gobe, ita tana yi wa gobe tanadi.

To, 'yar'uwa, ke da ke riƙe da tocila a baki kina ɗaure cibiya saboda an ɗauke wuta, kin ga kanki a nan? Ɗan'uwa, kai da ke tuƙa mai naƙuda a kan hanya mai ramuka, ka ga naka rabon? Malama mai awon ciki da ke maimaita wa mata magana ɗaya sau ɗari a wuni, kin san abin da kike tarawa? Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa Najeriya cikin ƙasashen da mata suka fi rasa rayukansu wajen haihuwa. Ke nan wanke hannun nan da kike yi rai ne. Duba hawan jinin nan rai ne. Cewa da kike yi a tafi babban asibiti yanzu, kada a jira safiya, rai ne. Kada ki raina shi don ba a tafa miki ba. Yi shi da kyau yau, ki ƙara kyautata shi gobe!

Sai dai in ja kunnen masu riƙe da madafun iko. Kada wani ya karanta wannan ya ce ai ga wata can ta yi aiki ba magani ba albashi, don haka namu ma su yi haƙuri. Ita fursuna ce a hannun azzalumai. Ma'aikatanmu 'ya'ya ne a ƙasarsu, haƙƙinsu ne a biya su a kan lokaci, a ba su safar hannu da ruwa da wuta. Mai neman haƙƙinsa da mai ƙware wa aikinsa mutum ɗaya ne, kuma wanda ya iya aikinsa muryarsa ta fi kaifi in ya tashi magana.

Bayan yaƙi Stanislawa ta koma Lodz. Mijinta ya rasu a boren Warsaw na 1944, amma 'ya'yanta huɗu duka sun tsira, uku daga cikinsu suka zama likitoci. Me kuke zaton ta yi? Ta zauna tana ba da labarin jarumtakarta? Ina! Ta ɗauki jakarta ta koma karɓar haihuwa a unguwanni, har zuwa ƙarshen shekarun 1950. Shekara goma sha biyu ta yi kafin ta tsaya gaban jama'a ta faɗi abin da ta gani, kuma da ta tashi faɗa, iyayen da jariran ta sa a gaba. A 1970 aka haɗa ta a Warsaw da wasu matan da ta karɓi haihuwarsu a sansanin, tare da 'ya'yan da suka rayu, sun zama manya. Ta rasu ranar 11 ga Maris, 1974, tana da shekara 77. A 1992 Cocin Katolika ta fara bin matakan da take bi kafin ta sanya mutum cikin tsarkakanta.

Ku da ke da ƙarfi a jika, ga fili ga mai doki. Wadda ta ajiye karatun jinya saboda aure ko haihuwa, ta nemi fom ta koma. Wadda ta ƙware, ta kama hannun ƙaramar da ke bayanta ta koya mata, kada ta tafi da iliminta kabari. Maigida, in matarka na aikin dare, riƙe mata yara, ka tarbe ta da sannu in ta dawo. Ɗan kasuwa, tela, makaniki, mai faci, kowa ya riƙe sana'arsa da mutunci, ya ƙi ha'inci ko da ba mai ganinsa. In kuma akwai tsohuwar ungozoma ko nas da ta yi ritaya a unguwarku, kada ku jira sai ranar ta'aziyya. Ku je ku gaishe ta a wannan makon, ku ce mata an gode.