Wa Ya Koya Wa Idonmu Kyau?

Akwai waɗanda muƙamuƙinsu na ƙasa ya zarce na sama, akwai waɗanda haɓarsu ta shige ciki ko ta karkata gefe, har haƙora ba sa haɗuwa daidai. Galibi gado ne. Wani lokaci rauni ne, ko tsotson yatsa da ya daɗe a ƙuruciya. Ido kuwa yana da gaggawa. Kafin mutum ya gama sallama, ya riga ya auna haɓa da leɓe da hanci, ya yanke hukunci.

To, wa ya ba ido ma'aunin? Ku dubi wushirya. A wurinmu ado ce, ana yaba yarinya saboda ita. A Amurka iyaye sukan biya kuɗi masu yawa a ɗaura wa haƙora waya don a rufe ta. Tazara ɗaya ce tsakanin haƙora biyu, nan kyau, can aibi. Ashe ma'aunin koyonsa muka yi, a gida da kasuwa, yanzu kuma a hotunan Facebook.

Wanda tauna ke ba shi wahala, ko magana, ya je wurin likitan haƙori. Ko tiyata ce, ba rashin bangaskiya ba ne. Abin da ke damuna shi ne mu masu kallo. Mukan tura irin wannan 'yar'uwa sahun baya a ƙungiyar mawaƙa, ko da muryarta ce ke riƙe waƙar. Saurayi ya yi azumin kwana uku yana neman nufin Allah kan aure, alhali tun ranar farko ya cire sunanta. Mafi muni, wasu sukan jawo ta gaba wai a karya la'anar kakanni. Wace la'ana? Ƙashi ne ya girma yadda ya girma.

Ku buɗe Farawa sura 29. Yakubu ya ga Rahila kyakkyawa, ya yi bautar shekara 14 saboda ita. Lai'atu kuwa, abin da aka fara faɗa a kan kamanninta shi ne raunin idanunta, mijinta bai zaɓe ta ba. Ubangiji ya ga ba a ƙaunarta, ya buɗe mahaifarta. Ita ta haifi Lawi, tushen firistoci. Ita ta haifi Yahuza, kakan Dawuda, wanda ta zuriyarsa Yesu ya zo. An binne Rahila a bakin hanyar Baitalami. Da Yakubu ya zo mutuwa a Masar, sai ya umarci 'ya'yansa su kai shi kogon Makfela, inda ya binne Lai'atu.