Hukuncin Kai Yarinya Gidan Mari Saboda Shaye-shaye Bayan An Ci Zarafinta

Tambaya: Wani makusancin gidanmu ya keta haddin ƙanwata 'yar shekara 16. Tun daga nan ta faɗa shan kodin da tiramadol. Dattawan gida sun ce a kai ta gidan mari. Ya halatta?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, bai halatta ba. Shan abin da ke gusar da hankali haramun ne, kuma raɗaɗin zuciya ba ya halatta shi, domin Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana Ɗariƙu ɗan Suwaidu yin magani da giya, ya bayyana masa cewa cuta ce. Sai dai haramcin abu daban, wanda ke da ikon hukunci a kansa daban. Ƙarafi, babban malaminmu na Malikiyya, ya bambanta a Alfuruƙ tsakanin mai sa maye da mai ɓata hankali da mai sa barci, ya nuna haddi na na farko ne, sauran ladabtarwa ce. Ladabtarwar kuma tana hannun alƙali, ba hannun wanda ya tanadi sarƙa da dorina ba.

Abin da aka yi mata babu zunubinsa a kanta. Aya ta 33 a Suratun Nur ta tabbatar da gafara ga waɗanda aka tilasta. Abin takaici shi ne a gidajenmu akan rufa wa azzalumi asiri don gudun abin kunya, a ɗaure wadda aka zalunta. Wajibi ne a fara raba ta da shi, a kai ƙararsa ga hukuma.

Wani zai ce sassauci zai ƙara mata ƙarfin gwiwa. Buhari ya ruwaito labarin sahabin da aka yi ta kawowa saboda giya, amma da wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. Wannan fa namiji ne baligi da ba a zalunce shi ba, to ina ga yarinyar da take sha don ta samu barci? Wani kuma zai ce gidan mari yana gyara yara. A 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga irin wannan gida a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, wasu suna ba da labarin fyaɗe. Kai ta can maimaita mata cutar ne, shari'a kuwa ba ta gusar da cuta da irinta.

Ku kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa, kamar asibitin Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna, domin yanke tiramadol farat ɗaya yana wahalar da jiki ƙwarai. Kuɗin maganin yana cikin ciyarwar da ta wajaba a kan mahaifinta. Maganin da likita ya rubuta mata halal ne, ko da yana sa barci. Ku riƙa yi mata addu'a, kuma kada kowa ya tsine mata. Allah ne mafi sani.