Kuɗin Haya, Kuɗin Ajiya, da Ranar Miƙa Mabuɗi





Tun da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura a 2019, aka aza harsashin Jami'ar Sufuri a watan Disamba na shekarar, aka kuma ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, garin ya ƙaru da baƙi, ɗaki ya yi daraja. Da yawa cikinmu a gidajen haya muke, kaɗan kuma Allah ya hore musu sun gina suna ba da haya. Idan mai gida ya miƙo takardar tashi, takan zama ranar da zaman shekaru yake ƙarewa da zage-zage a ƙofar gida. Wannan bai dace da mu ba, balle a garin da tarihinsa ke tinƙaho da tsohuwa Ayana, wadda ta sauki Bayajidda cikin dare ba ta san daga inda ya fito ba.

Bari mu soma da masu gidaje. Kuɗin ajiyar da ɗan haya ya bayar ranar shiga, saboda ko za a yi ɓarna, ba naka ba ne. Amana ce a hannunka. A Littafin Fitowa, sura ta 22, Ubangiji ya umarci wanda ya karɓi mayafin maƙwabcinsa jingina ya mayar masa kafin faɗuwar rana, domin ba shi da wani abin rufa. Ga iyalin da aka ce su tashi, kuɗin nan shi ne mayafinsu: da shi za su biya dillali la'ada, su ɗauki motar kaya, su ba da kafin alƙalami a sabon wuri. Idan an fasa taga ko an karya ƙyaure, a ƙiyasta a gaban ɗan hayan, a cire, a ba shi saura. Amma fentin da rana ta koɗar da kwanon da damina ta cinye ba ɓarnar kowa ba ce, tsufan gida ne, gyaransa kuwa na mai shi. Haka nan wanda ya biya shekara, aka roƙe shi ya tashi bayan wata takwas ya kuma yarda, hayar wata huɗu tasa ce. A ce masa "sai sabon ɗan haya ya shigo" zalunci ne da aka naɗe cikin lallashi.

Dokar ƙasa ma ba ta bar mai gida ya yi yadda ya ga dama ba. Inda ba a rubuta wani sharaɗi dabam ba, tsarin da kotuna suka saba bi shi ne mai biya wata-wata a ba shi wa'adin wata ɗaya, mai biya shekara-shekara wata 6. Bayan wa'adin a ƙara masa sanarwar kwana 7, sa'an nan a je gaban alƙali. Yaye kwano, yanke wuta, garƙame ƙofa ko watso kaya waje, duk ɗaukar doka a hannu ne. A 1986 Kotun Ƙoli ta tsawata wa gwamnatin soja ta Jihar Legas saboda fitar da Odumegwu Ojukwu da ƙarfi daga wani gida a Ikoyi alhali maganar tana gaban shari'a. Abin da aka hana gwamna, ba a halatta wa ɗayanmu ba. Tun kafin wannan, Maimaitawar Shari'a sura ta 24 ta hana mai bin bashi shiga gidan wanda yake bi don ɗaukar jingina. A waje zai tsaya a fito masa da ita.

Yanzu ga 'yan haya, kuma a nan ne muka fi jin nauyi, gama mu ne mafi yawa. Akwai wata magana da ke yawo cewa watannin wa'adi kyauta ne, da zarar an ba ka takarda ka daina biya. Ba haka ba ne, ko a gaban alƙali ko a gaban Allah. Kowane dare da ka kwana ƙarƙashin rufin mutum, kana da haƙƙinsa a wuyanka. Katikism na Ikilisiyar Katolika, a lamba ta 2410, ya sa yarjejeniyar haya cikin alkawuran da wajibi ne a cika su da zuciya ɗaya, a ƙarƙashin doka ta bakwai. Wanda ya kwashe kaya da tsakar dare, ya bar bashin wuta da na ruwa, ya cire ƙwan lantarki da kan famfo don haushi, ya ƙetare wannan doka. Furta zunubin gaban Fada bai sauke masa nauyin mayar da abin da ya ci ba. Ya kuma tuna cewa mai gidan nan, wanda sau da yawa maƙwabcinmu Musulmi ne, ba zai riƙe sunansa ba. Zai riƙe cewa Kirista ne. Ɗan'uwan da zai zo neman ɗaki bayansa shi zai biya wannan bashin a bakin ƙofa.

Mun sani akwai wanda ba ƙi ya yi ba, rashi ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Irin wannan kada kunya ta sa ya ɓuya. Ya je wurin mai gida da rana tsaka tare da katikis ko dattijo ɗaya, a rubuta abin da ake binsa da yadda zai biya. Zumuntar Mata da ta Maza su dubi gwauraye da ɗaliban da ke cikin wannan hali kafin wa'adinsu ya cika.

Idan an sami saɓani, kada a garzaya ofishin 'yan sanda; a fara da mai unguwa, wanda ya san gidan ya kuma san mutanen biyu. Ranar fita kuma a zaga ɗakuna tare, a karanta mita, a fito da rasit na farko, a yi lissafi gaban shaidu biyu, ɗaya daga kowane ɓangare. A miƙa kuɗin ajiya da hannu ɗaya, a karɓi mabuɗi da ɗayan, kowa ya sa hannu.