Tawakkali da Ran Wa?



Bayan sallar Asuba wani bawan Allah ya tsayar da ni a ƙofar masallaci nan Gezawa. Matarsa ta haihu, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya gagara in ta kwanta. A Asibitin Malam Aminu Kano aka ce zuciyarta ta yi rauni, sabon ciki na iya zama ajalinta. Ya ce: "Malam, ashe likita ke rayawa? Ni na dogara ga Allah."

Na ce masa: Malam, da ran wa kake wannan tawakkalin? Naka ko nata?

Wannan ciwon zuciya na masu jego ba baƙo ba ne a Arewa. Binciken likitoci a Zariya da Sakkwato ya nuna yana kama kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. A Turai da Amurka, in zuciya ta gaza, akan dasa ƙaramin famfo ya taya ta tura jini. Duk da haka likitocinsu na hana mai famfon ɗaukar ciki, domin jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi, ga maganin tsinka jini na warfarin yana iya cutar da ɗan tayi. To ina ga 'yar'uwarmu da sai an nemi mota zuwa Kano?

Shari'a ta sa kare rai gaba da neman zuriya. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta jinkirta ciki bisa shawarar ma'aurata idan akwai dalili, kuma ba ta yarda da tsayar da haihuwa ɗungurungum ba sai ga larura. Wace larura ta wuce wannan?

Gaskiya ne, likita bai san gaibu ba, kuma wasu zuciyarsu na warwarewa. Shi ya sa ake komawa a duba, a saurari masana, ba 'yan majalisar shayi ba. Kuma a tambaye ta, jikinta ne. Kada gorin dangin miji ko tsoron kishiya ya tura ta ta bar marayu.

Amana ce a hannunka, kuma za a tambaye ka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wallahu a'alam.